Kunnen Hagu

Mahaifina, Saje Maidamma,
shekara ashirin da bakwai a cikin kaki,
ya dawo Mabera da akwatin ƙarfe ɗaya,
da tabon da ke ƙaiƙayi in hadari ya haɗo gabas,
da kunnen hagu da igwa ta ara a Laberiya,
har yau ba ta mayar masa ba.

Fansho kuwa sai ka ce ruwan Rima da bazara,
ga hanyarsa shimfiɗe, shi ne babu.
Sai ya karɓi gadin ƙofar tasha:
kujerar roba mai ƙafa uku, ta huɗun bulo ne,
sanda, usur, da goro guda da yake fasawa huɗu
don kada la'asar ta riske shi bai tauna ba.

Direbobi na kiransa Janar, suna ƙyafta ido.
Yaran mota su sara masa da hagu.
Shi dai ya ɗaga sanda, mota ta wuce,
bai taɓa nuna ya gane ba.

Ranar, kwalta har tana kama takalmi,
albasa jibge ta kai kan katanga,
sai ga wani yaro da buhu.
Kowane Basakkwace ya san ɗaukar albasa:
a jefa, a ja, a zauna a kai a sha fura.
Wannan ya rungume nasa kamar mai jego,
yana taka ƙasa kamar kada ta farka,
gumin goshinsa kuma, in ji Baba,
ba na rana ba.

Ya miƙe da fara'a: "Ɗana, kawo in kama maka."
Ya damƙe wuyan hannuwansa biyu,
ya manna shi da ƙirji, suka zube gefen kwata,
sannan ya tono tsohuwar muryar fareti:
"Ku watse!"
Mai shayi ya bar tukunya, mai nama ya bar wuƙa.
Minti arba'in, in ji masu agogo,
tsoho da yaro da jar waya mai leƙe ta bakin buhu,
har masu kwance bam suka iso daga bariki
ko yatsa bai sassauta ba.

Bayan wata uku aka kafa rumfa.
Tela ya buɗa tsohon kakin ta ciki,
Inna ta goge maɓallai da toka.
Wani mai babbar riga ya karanta yabo shafi biyu,
amma lasifikar tana hagun Baba.
Ana tafi, yana bin leɓunan mutane da ido,
yana gyaɗa kai kamar mai yarda,
alhali ko kalma bai ji ba.

Lambar tana kan ƙusa, kusa da kalanda.
Ambulan ya zama kwano shida a rufin ɗaki,
ya zama kuɗin makarantata,
ya rufe bakin mai shago,
ragowar ba ta kai Salla ba.

Wani dare na tarar da shi a tsakar gida,
zaune, fitila a kashe.
Na zaga ta damansa, na ce, "Baba, barci fa?"
Ya daɗe, sannan ya ce:
"Kulu, sun ce ƙasa nit tuna. Ba ita ba ce.
Zuciyar yaron ga nij ji ga ƙirjina,
tana bugu kamar tattabara cikin hannu.
Ko gashin baki bai yi ba.
Innarshi yaka kira, a hankali, har sau bakwai,
kuma ga kunnen dama yas sa baki.
Da ga na hagu ne,
da barci bai gagare ni ba."

Da safe ya koma ƙofar tasha.
Yanzu da dama ake sara masa.
Duk sojan da ya zo shiga mota
sai Baba ya tare shi, ya ba shi ɓarin goro,
ya juyo masa kunnen da ke ji,
ya tambayi sunan yaron, da inda aka kai shi.
Damina biyu ke nan,
ba wanda ya zo da amsa,
shi kuma bai daina ba.